Faifan da Na Wanke da Toka

Maigidana ma'aikacin ruwa ne a Tiga har ya yi ritaya. Ba mai zaman majalisa ba ne, ba ya kuma kiwon tattabaru kamar abokan aikinsa. Abin da ya sa a gaba shi ne fayafan garmaho. Tun ana yayinsu yake tara su, da aka koma kaset sai ya ƙara himma, don a lokacin ne mutane suka fara zubar da su. In ya ji labarin wani tsohon malamin makaranta a Bebeji ko tsohon direba a Doguwa yana da su a ƙarƙashin gado, ranar Asabar zai hau babur ya tafi. Ya dawo da biyu ko uku. Wani lokaci ya dawo hannu rabbana, ya ce yara sun riga shi, sun mai da su sitiyarin motar wasa.

A tsaye yake jera su cikin akwatin katako, kowane a jakarsa ta kwali. Ba ya riƙe faifai sai ta gefe. Rana kuwa ko ta taga ba ya yarda ta taɓa su. Ya ce zafi lanƙwasa su yake yi, in kuma faifai ya lanƙwashe allura ba ta iya bin hanyarta.

Duk wannan daga baya na sani.

Wata ɗaya ke nan da kawo ni gidansa daga ƙauyenmu kusa da Badafi, na shiga ɗakinsa shara bayan ya fita aiki. Na ga faifai ɗaya a kan garmaho, ƙura ta ɗan hau shi. Innata ta koya mini cewa duk abin da ya dishe a ɗakin miji laifin matar ne, maganinsa kuwa toka da soso. Na ɗauko shi na kai gindin murhu, na ɗebi toka mai laushi, na fara dirza daga tsakiya ina yowa waje kamar yadda ake yi wa murfin tukunya. Ina so ya dawo ya tarar yana ƙyalli. Na kai wajen rabi sai na lura maimakon ya yi haske fari-fari yake yi. Na ɗauraye, na goge da gefen zanena, farin bai fita ba. Na mayar da shi inda na ɗauko shi, na wuni ban ci abinci ba.

Da ya dawo ya shiga ɗaki, na ji shiru. Na leƙa ta labule na gan shi tsaye a bakin taga, ya ɗaga faifan yana juya shi. Ya daɗe a haka. Sannan ya ɗora shi, ya sauke allura, ya kira ni ya ce in zauna.

Waƙar wani mai kukuma ce, a kan mutumin da ya tafi cin rani ya daɗe bai dawo ba. Ta fara tas. Daidai inda mutumin ya ɗaure kayansa zai kamo hanyar gida, sai wani sauti ya shigo, shaa, kamar ruwan sama a kan rufin kwano. Muryar mai kukuma tana nan, amma daga can ƙarƙashin ruwan take fitowa. Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa.

Ya ce, "To, kin saukar masa da damina. Da ma ai ita yake jira ya koma gida."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan a kan maganar, ranar da duk sauran shekarun. Daga nan faifan ya samu suna a gidanmu, faifan damina. Kowace Juma'a bayan la'asar, in an kawo wuta, yakan ɗora fayafai uku ko huɗu, masu garaya, masu kalangu, har da na wasu ƙasashe da ba ma jin yarensu. Amma da faifan damina yake rufewa. Yana kan kujera, ina kan tabarma ina tsince shinkafa ko ina saƙa. In waƙar ta ƙare allura takan yi ta zagaye a tsakiya tana ƙas, ƙas, sai ya tashi ya ɗage ta. Shekara talatin da wani abu muna haka. Ban sake taɓa faifai ba, ban taɓa kunna garmahon ba. Bai hana ni ba. Ni ce na hana kaina.

Allah ya yi masa rasuwa bayan an gama girbin shinkafa. Jinyar ba ta yi tsawo ba.

'Yarmu ɗaya ce, tana aure a Bebeji, saboda haka ƙaninsa da ke noma a Kiru da yayarsa da ke Burumburum suna da rabo a gadonsa. Bayan arba'in aka zo da malami. Ina ɗaka cikin takaba, ina jin su ta labule. Aka gama da gida da gona da babur. Garmaho ya faɗa a rabon 'yata, ta ce a bar mini shi a inda yake. Da aka zo kan akwatin fayafai sai malamin ya tambayi kuɗin da za su yi, ba wanda ya sani. Ya ce to kome ƙanƙantar abu haƙƙi ne, a raba. Aka zazzage su a tabarma aka kasa su kashi-kashi kamar tumatir, ba wanda ya duba ko wanne ne wanne.

Ina jin ƙarar kwalayen suna gogar juna. Kalma ɗaya zan faɗa a ware mini faifan damina, ba wanda zai hana ni. Amma na ji tsoron a ce miji bai daɗe a ƙasa ba matarsa tana zaɓen kaya ta bayan labule. Da suka watse 'yata ta shigo mini da kasona. Na zare su ɗaya bayan ɗaya ina shafa fuskarsu da yatsa. Duk sumul suke. Faifan damina ya tafi, ban kuma san wajen wa ba.

Na gaya wa 'yata waƙar da nake nema, ban gaya mata dalili ba. Bayan kwana biyu ta zo da murnarta, mijinta ya nemo waƙar ya tura mata a waya. Ta kunna mini. Muryar ce, kukumar ce. Mutumin ya ɗaure kayansa, na gyara zama ina jiran ruwa ya sauko. Bai sauko ba. Waƙar ta wuce fes har ƙarshe, kamar gidan da aka kwashe kayan cikinsa. Na yi mata godiya, na ce ta kashe.

Ita ce kuma ta kawo mini labarin da ya hana ni sukuni. Ta je gaida gwaggonta a Burumburum ta tarar ta zare fayafan daga kwalayensu tana rufe ƙoren nono da su. Yayar maigidana makiyayi ta aura, a ruga ta yi rayuwarta, kowa Adda yake ce mata. 'Yata tana ba ni labarin tana dariya, wai Adda ta ce ba ta taɓa samun murfin da ƙuda ba ya iya shiga ƙarƙashinsa kamar waɗannan ba. Ni kuwa lissafin wata nake yi. Sanyi ya fara ja da baya. Ranar da zan fita takaba za ta faɗo a tsakiyar bazara, lokacin da ko takalmin roba aka manta a tsakar gida sai ya yi laushi. Ƙwaryar nono kuwa a ka take yawo, a rana.

Ana iya cewa me ya sa ban buga waya ba. Na ɗauki wayar ya fi sau nawa. Amma abin da malami ya raba ba a neman sa ta waya. In na yi haka, kafin maganar ta zagaya dangi ta zama matar marigayi ta raina rabo. Irin wannan sai mutum ya je da ƙafarsa, ya durƙusa, ya gaisa, ya sha ruwa, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Kuma ba ya zuwa hannu sake.

Na sa aka sayo mini kaba da garin rini. Sauran kwanakin takabata a saƙa na ƙare su. Na yi fayafan kaba guda shida masu faɗin bakin ƙwarya, na matse saƙar sosai yadda ƙuda ba zai samu hanya ba. Masu zuwa gaisuwa suna yaba mini, wai na samu abin ɗebe kewa. Ina amsawa da to. Kowace safiya nakan taɓa bangon ɗaki in ji yadda zafin ya ƙaru.

Ranar da na fita, na yi wanka, na sa tufafin da 'yata ta ɗinka mini, maƙwabta suka shigo aka yi addu'a. Washegari na shiga motar Kiru. Na fara da can ne don ya fi kusa, kuma ina fatan Allah ya sa faifan yana ɗaka a inuwa.

Ƙanin maigidana abokin wasana ne tun ina amarya. Yana ganina a zaure ya ce, "Matar Yaya, an fita ke nan? In fara kawo goro ko akwai wanda ya riga ni?"

Na ce, "Ka fara nemo haƙoran da za ka tauna shi tukuna."

Ya yi dariya, sai kuma idonsa ya kawo ruwa, ya juya ya ce a kawo mini tabarma. Bayan mun gaisa na faɗa masa abin da ke tafe da ni, na kuma ce ba rabo na zo tayarwa ba. Ya ce in daina wannan magana. Ya jawo kwali daga ƙarƙashin gado ya ajiye a gabana. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Ba ya ciki.

Ya tambaye ni wanne nake nema haka. Na ce na mai kukuma, wanda fuskarsa ɗaya ta yi fari. Ya kalle ni. Sannan ya tashi ya buɗe wata tsohuwar adaka, ya ɗaga takardun gona, ya zaro faifai a cikin kwalinsa, an naɗe shi da farin ƙyalle. Hoton da ke jiki na san shi kamar tafin hannuna. Na zare faifan. Baƙi wuluk, yana ƙyalli ta kowace fuska, allura ba ta taɓa hawansa ba.

Ya ce wannan ba ya cikin gado, ya fi shekara talatin a adakar nan. Satin da na yi wankin toka yayansa ya aike shi birni ya nemo wani. Ya sha yawo kafin ya samu. Da ya kawo masa wurin aiki, yayan ya karɓa ya duba, ya daɗe yana dubawa, sai ya miƙo masa ya ce ya tafi da shi Kiru ya ajiye.

"Ya ce in ya shiga da shi gida za ki san abin ya yi masa ciwo. Ya ce kuma kada in kuskura in gaya miki. To, ga shi na gaya miki, ya yafe mini."

Ashe ya yi masa ciwo. Ban taɓa kawo wannan a raina ba, ko kuma na ƙi kawowa. Na zauna da faifan a cinyata har aka kira azahar.

Ya ce in tafi da shi, waƙar ɗaya ce, wannan ma ya fi kyau, in huta da hanyar Burumburum a wannan zafi. Na karɓa na sa a jaka tsakanin fayafan kaba. Na ce masa Burumburum kam sai na je. Ya ce da ma ya sani, taurin kai ne ya haɗa ni da yayansa.

Na kwana a gidansa. Da sassafe na kama hanyar Tudun Wada, daga nan na hau babur zuwa ruga. Kafin mu isa rana ta take. Na ɗora jakar a cinyata na lulluɓe ta da mayafi.

Na tarar da Adda a gindin tsamiya, ta dawo daga tallan nono. Ta tsufa fiye da yadda na gan ta ranar arba'in. Muka gaisa, muka sake yi wa juna ta'aziyya, ta dama mini fura. Ina sha idona yana kan ƙoren da ke jere a gefen bukka. Fayafai huɗu na gani a kansu. Biyu sun riga sun tashi ta gefe kamar ganyen da ya bushe. Na ajiye ludayi na roƙi izni in duba. Ba ya cikin huɗun.

Na fito da fayafan kaba na ajiye a gabanta. Ta ɗaga ɗaya ta duba saƙar, ta ce hannuna yana nan. Sannan na ce akwai guda ɗaya a cikin na garmahon, mai farar fuska, in yana wajenta ina roƙo ta musanya mini.

Ta mayar da faifan kabar kan 'yan'uwansa. Ta ce yana wajenta. Yana cikin bukka a kan ƙwaryar da take ajiye nonon shanta, don shi ne mai kaushi, ba ya zamewa. Ta ce faifan kaba tana da su, tun kafin a haife ni take saƙa su.

"Ke kin zauna da ƙanina shekara talatin, kina da ɗakinsa, kina da 'yarsa. Ni da na goye shi, abin da aka miƙo mini ke nan. Kullum na buɗe ƙwaryar nan sai na ce Allah ya ji ƙansa. Shi ne za ki zo ki karɓa ki ba ni kaba?"

Ba ta ɗaga murya ba. Na ga kuma gaskiyarta. Duk kwanakin da na yi ina saƙa, murfi na ɗauka take so.

Ban taɓa ba kowa labarin tokar ba, ko 'yata. Ranar na bayar. Na faɗa mata yadda na kai faifan gindin murhu, da yadda ƙaninta ya tsaya a taga, da abin da ya ce. Tana saurare tana kaɗa ƙuda daga bakin ƙwarya. Da na zo kan maganar damina sai ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta suna rawa. Ta ce tun yana yaro haka yake, in an ɓata masa rai sai ya nemo abin dariya ya rufe. Ta ce ni kuma Allah ya shirye ni, toka sai ka ce ƙasan tukunya.

Na buɗe jaka na fito da sabon. Na warware farin ƙyallen na nuna mata. Na gaya mata daga inda ya fito da dalilin ajiye shi. Na ce wannan ma nasa ne, shi ya aika aka sayo, ya riƙe shi da hannunsa, ya kuma haƙura da shi. In abin ƙaninta take so ta riƙa gani, ga shi.

Ta goge hannunta a zane kafin ta karɓa. Ta juya shi, ta ga fuskarta a ciki. Ta tambaye ni ko na san wannan ya fi wancan. Na ce na sani. Ta tashi da ƙyar ta shiga bukka, ta fito da faifan damina, nono ya bushe a gefensa. Ta miƙo mini. Sabon kuma ta mayar da shi kwalinsa ta naɗe da ƙyallen, ta ce wannan ba zai hau ƙwarya ba, a ƙarƙashin matashinta zai zauna. Na ce a tsaye ake ajiye su. Ta ce in bar ta da kayanta. Fayafan kabar ma ta karɓe, ta sauke huɗun da ke rana ta tura mini, wai in kwashe tarkacen mijina.

Na ɗaga faifan daidai idona kamar yadda na ga yana yi. Ya ɗan lanƙwashe ta gefe ɗaya, zafin bukka ya taɓa shi, amma bai kai sauran ba. Da na ƙara sati biyu ban san abin da zan tarar ba.

A gida na wanke shi da ruwa zalla da tsumma mai laushi, ina bin zagayen layin, na jingine shi a inuwa ya bushe. Na sha ganin yadda maigidana yake yi wa masu lanƙwasa. Na zare gilasai daga tagar ɗakinsa, na shimfiɗa su a ƙasa, na sa faifan tsakanin ƙyalle biyu, na rufe da wasu gilasan da katako, na mirgino buhun shinkafa shanshera na ɗora. Yakan ce wannan aikin ba ya son leƙe. Na bar shi Juma'a uku. Kullum na shiga shara sai in zagaye buhun.

Juma'a ta huɗu aka kawo wuta tun azahar. Na yi sallar la'asar, na mirgine buhun. Bai miƙe duka ba, amma ya kwanta.

Na yaye ƙyallen da ke kan garmaho na goge ƙura. Na san kowane maɓalli da ido, hannuna ne bai san su ba. Na ɗora faifan, farar fuskar tana sama. Na murɗa, ya fara juyawa. Na ɗaga hannun allurar da yatsa biyu, na sake shi da wuri, ta zame ta yi ƙara mai ban tsoro. Na ɗage. Na goge tafina a zane, na dafa gwiwar hannuna a kan tebur kamar yadda yake yi, na sauke ta a hankali a bakin faifan.

Kukuma ta shigo. Hannun allurar yana hawa yana sauka kaɗan-kaɗan a kowane zagaye, amma bai bar hanya ba. Na koma tabarmata na zauna. Mutumin ya yi cin raninsa, ya gaji, ya ɗaure kayansa. Sai ruwan ya sauko, daidai inda ya saba.

Na ji ta har ƙarshe. Allura ta kai tsakiya ta fara ƙas, ƙas. Na zauna ina jira a tashi a ɗage ta. Ta yi ta zagaye. Da na ga ta daɗe, na dafa tabarma na miƙe, na je na ɗage ta.